Shin ya dace jarumar labarina ta auri wanda ya wulaƙanta ta a makaranta?

Alƙalamin Dare ta rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida iyayena da yayyena marubuta, tare da masu karatun da ke wannan zaure. Na zo da wata matsala da ta hana ni rubutu kusan mako biyu, ina fatan waɗanda suka riga ni daɗewa a harkar za su haska mini hanya.

Wata huɗu ke nan ina rubuta wani labari ina sakar wa masu karatuna kashi-kashi a WhatsApp, yanzu na kai kashi na 38. Labarin wata yarinya ce 'yar direban haya, wadda ta ci jarrabawa ta samu gurbin karatu kyauta a wata makarantar kuɗi ta kwana, irin wadda kuɗin zango ɗaya ya fi abin da mahaifinta ke samu a shekara. A ajinsu akwai ɗan wani attajiri, mahaifinsa ne ya gina wa makarantar ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, saboda haka ko shugaban makarantar ba ya iya ɗaga masa murya. Tun makon farko yaron ya sa mata ƙahon zuƙa. Abin da ya fi muni ya faru ne ranar ziyara, lokacin da mahaifinta ya kawo mata garin rogo da ƙuli-ƙuli da ɗan yaji a jakar bakko, yaron ya sa aka ƙwace jakar aka zazzage ta a tsakiyar ɗakin cin abinci, ɗalibai suna ta shewa, ita kuma ta durƙusa tana tattara garin da tafin hannu alhali mahaifinta bai ko kai ƙofar fita ba. Wannan wurin ba ƙirƙirarsa na yi gaba ɗaya ba. Makamancinsa ya faru da ƙawata a gaban idona muna aji huɗu, ban ce uffan ba a ranar, kuma har yau ina jin nauyin shirun da na yi.

Niyyata tun farko ita ce yarinyar ta kammala karatunta ta yi gaba, shi kuma ya girbi abin da ya shuka. To amma tun daga kashi na 20 masu karatu suka taso ni a gaba, kullum saƙonsu ɗaya ne: Anti don Allah ki haɗa su, ai son ta yake yi bai san yadda zai nuna ba. Wasu har sun ce idan ban aura masa ita ba za su daina biyan kuɗin karatu. Tambayata ita ce, daga ina wannan salo ya samo asali har ya kama zukatan mutane haka, kuma akwai hanyar da zan haɗa su aure ba tare da na ci amanar yarinyar da na durƙusar a ƙasa tana tattara gari ba?

Mai Nazarin Adabi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malama, salon da kike magana a kai, wanda wasu ke kira baƙar soyayya, ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1740 wani marubucin Ingila mai suna Samuel Richardson ya fitar da littafinsa Pamela, labarin wata 'yar aiki mai shekara 15 wadda ɗan matar da take yi wa aiki ya matsa mata, ya tsare ta a wani gidansa na karkara, daga ƙarshe ya tuba ya aure ta, aka gabatar da auren a matsayin ladan tsare mutuncinta. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, amma tun a shekarar da ta biyo baya Henry Fielding ya rubuta wani littafi yana yi masa shaguɓe. Ashe ke nan gardamar da ta hana ki barci ta kusa shekara 300 ana yin ta.

Wadda ta ɗauki wannan tsari ta dasa shi sosai a makarantar 'ya'yan manya ita ce Yoko Kamio ta Japan, da labarinta na zane Hana Yori Dango da ya fara fita a 1992. A ciki akwai samari huɗu 'ya'yan attajirai da ke mulkin makaranta, duk wanda suka liƙa wa jan kati a akwatinsa ya zama abin farautar kowa, sai wata 'yar talaka ta tsaya musu, shugabansu kuma ya kamu da sonta. An mayar da shi fim mai dogon zango a Taiwan a 2001, Koriya ta Kudu ta yi nata a 2009 da sunan Boys Over Flowers, wanda shi ne matasanmu suka fi sani, kuma a can jarumar 'yar mai shagon wanki da guga ce. Da aka kafa Wattpad, dandalin rubutawa da karanta labarai a intanet, a Kanada a 2006, kowace yarinya mai waya ta samu damar rubuta nata, salon ya bazu kamar wutar daji.

Dalilin da ya sa marubuta ke son irin wannan makaranta a fili yake. Wuri ne mai katanga, iyaye ba sa nan, yarinya ba ta da inda za ta gudu, kuma hukumar da ya kamata ta kare ta tana cin abinci ne daga aljihun uban wanda yake zaluntar ta. Duk abin da marubuci ke buƙata don ya tsananta rikici yana nan a wuri ɗaya. Sannan da irin ya iso ƙasar Hausa, ya tarar da gona a share, domin littattafanmu sun daɗe da miskilin miji mai izza wanda aka yi wa auren dole, ya gasa wa amarya aya a hannu, ita kuma ta yi ta haƙuri har ranar da zai gane ƙimarta. An dai cire masa babbar riga ne aka sa masa kayan makaranta.

A nawa nazarin, raunin mafi yawan waɗannan labarai yana wuri ɗaya. Idan lokacin hisabi ya zo, sai marubuci ya kawo mana dalilin muguntar yaron, a ce uwarsa ta rasu yana ƙarami ko ubansa ba ya kula shi, mai karatu ya tausaya masa, shi ke nan an rufe babin zaluncin. Dalili yana bayyana yadda mutum ya lalace, amma ba ya biyan bashin da ke kansa. Yarinyar ita ma tana da nata ciwon, amma bai sa ta zazzage jakar kowa ba.

Malamar Makarantar Kwana ta amsa:

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika yi tambaya kafin ki rubuta. Ni ba marubuciya ba ce, amma na shekara fiye da 20 ina koyarwa a makarantun kwana, na kuma riƙe ɗakin kwanan ɗalibai mata, saboda haka zan gaya miki abin da idona ya gani.

Da farko, a makarantunmu cin zalin da ya fi yawa ba tsakanin namiji da mace yake ba, tsakanin siniya da jiniya ne a cikin ɗakin kwana ɗaya bayan an kashe fitila. Ɗebo ruwa, wankin kayan wata, kamun kunne, ƙwace kayan ziyara, duk mun gaje su ne daga tsarin makarantun kwanan Ingila, inda aka daɗe ana sa ƙananan ɗalibai su yi wa manya hidima, Turawan mulkin mallaka suka zo mana da shi tare da tsarin firifet. Su sun yi watsi da shi a can, mu kuma muka riƙe shi muna kiransa tarbiyya. Idan kina son labarinki ya yi kama da gaskiya, to ki tuna cewa 'yan matan da suka yi shewa a ɗakin cin abinci su ne waɗanda jarumarki za ta kwana tare da su a daren.

Masanin da ya fara nazarin wannan matsala da gaske, Dan Olweus, wanda ya yi aiki a Norwe, ya bayyana cin zali da siffofi uku: cutarwa ce da gangan, ana maimaita ta, kuma wanda ake yi wa ba shi da ƙarfin da zai kare kansa. Ƙasar ta ƙaddamar da gangamin yaƙi da shi a 1983, bayan wasu yara maza uku sun kashe kansu a shekarar da ta gabata. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zali a cikin wata guda kafin a tambaye shi, kuma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara adadin ya kusa rabi. Ke nan a cikin masu karanta labarinki akwai da yawa da suka taɓa durƙusawa irin yadda jarumarki ta durƙusa.

Na taɓa samun wata ɗaliba da ta daina zuwa ɗakin cin abinci. Sai da aka yi kusan mako uku kafin na lura cewa duk lokacin da aka kaɗa ƙararrawa, sai ta zame ta shige masallaci ta zauna a lungu da Alƙur'ani a buɗe a cinyarta, ba don karatu ba, don kada a tambaye ta abin da take yi. Siket ɗinta har ya fara zamewa daga ƙugunta, ta ɗaure shi da igiyar takalmi. Wadda ta jefa ta cikin wannan hali 'yar wani babban mutum ce. Na rubuta rahoto, aka kira uban, washegari aka kira ni ofis aka ce in sassauta domin yara ne. Wadda aka zalunta ita ce ta bar makarantar a ƙarshen zangon. Wannan shi ne gata a zahiri, ba manyan motoci da agogon zinare da ake cika mana shafuka da su ba. Gata shi ne ka yi laifi wani ya biya.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Koriya ta Kudu, a watan Fabrairun 2023, wani tsohon mai gabatar da ƙara da aka naɗa shugaban sashen bincike na 'yan sandan ƙasar ya ajiye muƙamin kwana ɗaya bayan naɗin, domin ta bayyana cewa ɗansa ya gallaza wa wani abokin karatunsa a wata fitacciyar makarantar kwana, uban kuma ya yi ta shigar da ƙara har kotun ƙoli don a hana sauya wa ɗan makaranta. A nan gida ma, a watan Afrilun 2024, sai da bidiyon wata ɗaliba da ake sharara wa mari a wata makarantar kuɗi a Abuja ya karaɗe wayoyi kafin hukumomi su motsa.

Abin da yake tayar mini da hankali shi ne maganar masu karatunki, wai son ta yake yi bai san yadda zai nuna ba. Na ji wannan magana daga bakin 'yan mata masu shekara 15 suna faɗa wa junansu, kuma yarinyar da ta yarda da ita a makaranta za ta shiga ɗakin aure da ita. Ni a son raina, kada ki haɗa su.

Mai Karatun Tsakar Dare ta amsa:

Mama, ina girmama abin da kika gani, amma ki ba ni dama in yi magana a madadin mu masu karatu, domin sau da yawa ana ɗaukar mu tamkar ba mu san bambancin labari da rayuwa ba. Ni matar aure ce da 'ya'ya uku, kuma na karanta irin waɗannan labarai masu yawa. Ba muguntar yaron nake jin daɗi ba. Abin da nake jira tun daga shafin farko shi ne ranar da mai izzar nan, wanda malamai ke tsoro, zai sunkuyar da kai a gaban 'yar talakan da ya raina, ita kuma ta dube shi ta ƙi amsa masa.

Ni ma an ci zalina a makaranta saboda takalmina ɗaya ne tun daga aji ɗaya har aji uku, har suna aka laƙaba mini da shi. Wadda ta fara kirana da sunan nan mun haɗu a wani biki shekarun baya, ta rungume ni tana dariya, ko alamar tunawa ba ta yi ba. Ban taɓa samun ban haƙuri daga kowa ba, a cikin littafi kaɗai nake samunsa. Saboda haka ina ganin masu karatun Anti ba auren kansa suke nema ba, suna neman su ga an rama wa yarinyar ne, kuma aure shi ne kawai irin nasarar da littattafai suka saba ba mace.

Inda na yarda da Mama ɗari bisa ɗari shi ne batun shekaru. Waɗannan ɗaliban sakandare ne, kuma dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro. Duk marubuciyar da ta shigar da batsa tsakanin yaran makaranta, nan take nake fita daga zaurenta, kuma ya kamata a riƙa sanar da mai karatu tun a farkon labari cewa akwai cin zali a ciki, domin wata tsohon mikinta za a fama.

Tsohuwar Alƙalami ta amsa:

Ƙanwata, na fara rubutu tun zamanin da muke kai littafi kasuwar Kano a buga, kuma ina nan a 2007 lokacin da hukumar gyaran tarbiyya ta jihar Kano, A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafan Hausa da aka ƙwace daga hannun ɗalibai mata. Wutar ba ta hana kowa karatu ba, labaran sun koma cikin waya inda babu mai iya ƙwace su. Shi ya sa nake ganin gyaran yana hannunmu mu masu rubutu.

Kina iya haɗa su, amma da tsada, kuma ba sai kin je wata ƙasa neman ma'auni ba. Malamanmu sun koya mana cewa tuba tana buƙatar nadama, da barin laifin, da ƙudurin ba za a koma ba, idan kuma laifin ya shafi haƙƙin wani, sai an mayar masa da haƙƙinsa ko ya yafe da kansa. Ki ɗora yaron nan a kan wannan sikeli. Kuka a cikin mota da aiko da tsadaddiyar waya ba mayar da haƙƙi ba ne, sayen shiru ne da kuɗin da tun farko suka ba shi damar yin zaluncin. A bainar jama'a ya tozarta ta, to a bainar jama'a zai amsa laifinsa, a wannan ɗakin cin abincin, a gaban waɗanda suka yi shewa. Kuma dole ya rasa wani abu da yake ji da shi, ko muƙaminsa na shugaban ɗalibai, ko abokansa, ko yardar mahaifinsa. Sannan akwai mutumin da kowa ya manta da shi, wato direban da ya ƙulla garin nan da guminsa. Idan yaron bai taka har tashar mota ya tsuguna a gaban wannan dattijo ba, ni ban ga tuba ba.

Abu na biyu ya fi wannan wuya. Muddin gurbin karatunta yana hannun makarantar da ubansa ke juyawa, to amincewarta ba amincewa ba ce, domin wadda ba ta da ikon cewa a'a, i ɗinta ba ta da nauyi. Ki raba su. Ki bar shekaru su wuce, ta yi karatunta, ta samu abin yinta, ta kai matsayin da idan ta juya masa baya babu abin da zai ragu a rayuwarta. A lokacin ne za ki tambayi kanki ko macen da ta zama za ta so shi. Wataƙila ki tarar ta yafe masa amma ba ta son ganinsa, yafiya daban, aure daban. Na taɓa rubuta labari da niyyar haɗa wasu biyu, da na iso wurin sai jarumar ta ƙi, na bi ta, wasu masu karatu suka yi fushi suka tafi, amma har yau shi ne littafina da aka fi yi mini maganarsa.

Batun kuɗin karatu kuwa, ba zan raina shi ba, na san da shi wasu ke sayen data har da cefane. Amma waɗanda suka bi ki har kashi na 38 saboda yarinyar suka zauna.

Alƙalamin Dare ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Maganar Yaya game da mahaifin yarinyar ta tsaya mini a rai, domin da na koma na duba sai na ga tun daga ranar ziyarar ban sake ambatonsa ba, kamar ni ma na bar shi a bakin ƙofa. Daren jiya na rubuta kashi na 39 a kansa: ya dawo gida ya kasa cin tuwo, yana ta tunanin ko ya je ya cire ta daga makarantar, matarsa kuma tana tuna masa cewa babu wata damar bayan wannan. Na kuma yanke shawarar cewa babu wata soyayya da za ta shiga tsakaninsu muddin suna makaranta, kuma zan kawo wata daga cikin 'yan ajin da ta ga abin da ya faru ta yi shiru, domin ita na fi kowa sanin abin da ke zuciyarta. Maganar aure na ajiye ta sai sun girma na ga irin mutanen da suka zama.

Mama, ina da ƙarin tambaya gare ki. A kashi na gaba ina son wata malama ta rubuta rahoto a kan yaron kamar yadda kika yi. Idan rahoto irin wannan ya bar hannun malama, teburin wa yake fara sauka, kuma a wane mataki ne galibi ake danne shi? Ina son in rubuta wurin daidai yadda yake faruwa kafin ranar Asabar.